Baba Edita da Shanun Jauro

Wata Asabar cikin kaka, shekarar da na shiga aji huɗu a firamaren Daudawa, aka wayi gari shanu sun tattake dawar Alhaji Mudi da ke bakin fadama. Kafin hantsi samari sun cika ƙofar gidan mai gari da sanduna, kowa na rantsuwa shanun Jauro ne, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gonakinmu tun ba a haife ni ba. Wai a je a tashe su, kada su ƙara kwana a ƙasarmu. Ni kuwa ina gefe da damin ciyawar tumaki a ka, alhali na ga abin da ya faru da idona. Shanun huɗar Baba Sale ne, yayan mahaifina, suka tsinke igiya da sassafe, na kuma ga ɗansa yana koro su daga gonar a guje.

Allah ya sa Malam Isuhu yana gari. Editan wata jaridar Hausa ne a birni, mu yara Baba Edita muke ce masa. Ƙarshen wata yake zuwa gida a wata tsohuwar mota da ba ta tashi sai mun tura. In mun gaji da langa da ƙwallon tsumma, sai mu cika zaurensa, ya raba mana soyayyar gyaɗa da tsofaffin jaridu, kowa ya karanta da ƙarfi. Duk irin kwaɓar da ka yi ba ya taɓa ɗaukar bulala, dariya zai yi ya ce ka sake. Bayan karatu kowa ya ba da labarin gari. Amma da ka fara da "an ce", sai ya ɗaga hannu: "Wa ya ce? Shi ina yake tsaye sa'ad da abin ya faru?"

Na jefar da ciyawar na ruga wurinsa, na faɗa masa abin da na gani. Bai yabe ni ba, tambayoyi ya jera mini: ina na tsaya, shanun wane launi ne, wa ke biye da su. Da ya gamsu sai ya dube ni ya ce, "Ka san wagga magana za ta taɓa gidanku?" Na ce na sani. Ya kama hannuna, muka ratsa tsakiyar masu sanduna har gaban mai gari, bai sake ni ba sai da na faɗi komai. Aka je turken Baba Sale aka tarar da tsinkakkiyar igiyar. Samari suka watse sumui-sumui, ko ɗaya bai je ya ba Jauro haƙuri ba.

Maganar kuwa ta taɓa gidanmu. Baba Sale ne ke yi mana huɗa da shanunsa, da damina ta faɗi ya rantse ba za su taka gonarmu ba. Mahaifina ya daina amsa gaisuwata, Inna ta yi ta kuka a madafa. Rannan muna fama da garma ni da yayyena, sai ga Baba Edita ya cire babbar riga ya rataye a reshen ɗorawa, ya karɓi garma. Mutumin da bai saba riƙe komai ba sai alƙalami! Kunyoyin da ya tayar duk a karkace, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, amma bai bar gonar nan ba sai da muka gama. Bello ɗan Jauro, abokin harbin tsuntsuna, shi ke kawo mana nono a ƙwarya. Shekaru bayan haka Baba Edita ya ja ni aikin jarida, ya koya mini shi da irin haƙurin da ya yi da mu a zaure.

Bana Allah ya karɓi ransa, Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da na gani a zaman makokinsa ne har yau in na tuna nake jin zuciyata na tafasa. Manya suka zo da motoci suka cika layi, kowa ya tashi sai ya ce mai gaskiya ne, ba a yi irinsa ba, ya zauna ya ci gaba da latsa waya. Ana cikin haka Bello ya iso, gemu duk furfura, daga wajen Sabuwa inda suka koma bayan 'yan bindiga sun kwashe musu shanu kaf. Ya yi sallama ya miƙa hannu, ba wanda ya ba shi nasa. Ya zauna, mutane suka rinƙa jan jiki daga tabarmar. Wani ya matso ya raɗa mini wai akwai saƙon murya da ke yawo a waya, 'yan rugar su Bello ne ke kai wa ɓarayi rahoto.

Wallahi ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Mutumin da aka talauta, ya ratso daji don ya yi gaisuwa, shi ne yau ɓarawo?" Aka taso mini, wai in girmama mamaci. Su ne za su koya mini girmama shi? Marasa kunya!

Bello ya shafa addu'a shi kaɗai ya tashi, ko ruwa ba a ba shi ba. Na raka shi har bakin fadama, a nan ya tsaya ya ce, "Koma hakanan, kada su haɗa da kai." Na tsaya ina kallonsa har ya ɓace cikin karan dawa.

A da ma garin nan yana da saurin hasala, amma akwai wanda zai ratsa taro ya tsayar da shi. Yanzu mun binne shi, a kan tabarmar makokinsa kuma muka kori baƙonsa.