Fil Ɗin Hector Rennie

Na fara sanin Hector Rennie a watan Maris na 1971, mako na biyu da kama aikina a wajen ƙera jiragen ruwa a Greenock, can ƙasar Turawa. Malaman mishan sun hore mu da rubuta kwanan wata, shi ya sa ba na tantama. Ina kokawa da murfin kwalbar lemo da haƙori sai wani gajere mai jan gemu ya daka mini tsawa.

"Kai baƙo, haƙoran aro ne a bakinka? Miƙo nan."

Ya zaro ɗan ƙarfe daga aljihu ya ɓalle murfin. Da na juya ƙarfen sai na ga allura a bayansa.

"Fil ɗin kilt ne, ni na ƙera," in ji shi. "Ran Asabar ado, ran Litinin aiki." Kilt shi ne zanen da mazan ƙasar suke ɗaurawa a ƙugu, iya gwiwa, in za a yi biki.

Hector makaniken inji ne. In lokacin shayi ya yi kowa ya nemi benci, shi kwandon guntayen tagulla yake nufa. A ganinsa fil ɗin da aka saba, ɗan takobin azurfar nan, malalaci ne. Ba ya ma haɗa ƙyallen sama da na ƙasa, a na saman kaɗai ake soka shi don ya ba shi nauyi kada iska ta ɗaga. "Yana lilo a cinyarka tun safe, bai tsinana komai ba," haka yakan ce. Sai ya ƙera mai sukuddireba, da mai awon inci uku, da mai matajin gemu.

"Saura keke," in ji matarsa Effie. "Ka maƙala shi, ka huta da jiran bas."

Abin da Hector ya fi so a duniya shi ne gurbinsa a ƙungiyar masu algaitar jaka ta unguwarmu. Ƙaramar ganga yake kaɗawa, a ƙarshen layi ta hagu. Shugaban masu busa shi ne Manjo Struan Lamont, dogo, malamin lissafi, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Kilt ɗin da suke ɗaurawa na ƙungiya ne, dokar kwamiti kuma a rubuce take: fil ɗin ƙungiya kaɗai, wanda ya ɓata kaya da wani abu dabam ya ajiye su ya kama gabansa. Sau biyu Manjo yana ja wa Hector kunne.

Ranar bikin gari ta 1978 Hector ya fito da gwanintarsa: sifana da sukuddireba da mabuɗi duk a jiki ɗaya. Nauyinsa oza goma sha ɗaya, ni na auna, na ƙungiya kuwa bai kai biyu ba. Ina riƙe masa kwat, ya sunkuya zai ɗauki ganga, sai ƙyat! Ƙyallen ya yage tsawon ɗan yatsa. Ga 'yan kwamiti can sun faro duba layi daga dama. Hector ya dafe yagar da tafin hannu.

Manjo ya riga su isowa.

"Rennie, mene ne wannan?"

"Fil ne, Manjo."

"Fil, ko angar jirgi?"

Manjo ya cire shi ya miƙo mini. "Peter, sa a aljihu, in aljihun zai ɗauka." Sannan ya ɓalle nasa takobin, ya tattara bakin yagar, ya soke ta yadda azurfar ta rufe wurin ruf. "Ka buɗe baki, in kifa maka gangar nan a ka."

Da 'yan kwamiti suka zo kansa, shugabansu ya ce, "Manjo, ina fil ɗinka?"

"Na manta shi."

Mutumin da ko laima bai taɓa mantawa ba. Suka rubuta sunansa.

Aka ɗauki hanyar bakin kogi, iska kuwa ranar ba ta da kunya. Manjo yana gaba, hannu biyu a kan algaita, ƙyallensa yana ta kaɗawa kamar shanya. Matan da suka taɓa zama aji ɗaya da shi suka samu abin yi.

"Struan, ja labulenka mana!"

Bai kuskure ko sauti ɗaya ba, amma kunnuwansa sun yi jajir, sunan Labule kuma ya bi shi har makaranta. Effie ta ɗinke yagar da zare huɗu masu launi dabam-dabam, ta yi kwana uku ba ta yi wa Hector magana ba. Hector bai yi godiya ba. Ya san in ya yi, Manjo zai ce bai san zancen ba.

A 1991 matar Manjo ta rasu. Ya ci gaba da zuwa gwaji da wando, amma ya daina fitowa fareti. Yau mura, gobe baƙi. Sai muka ji ya rubuta takardar ajiye aiki, kwamiti zai karanta a ƙarshen wata. Hector ne ya lura a wurin shayi cewa cokali yana suɓuce wa Manjo. Yatsun suna iya rufe ramukan algaita, amma sanyin ƙashi ya cinye babban yatsa, ba ya iya matsa komai. Ashe shekara uku matar ce take ja masa madaurin fatar kilt, ta soka masa fil. Shi kuwa ya gwammace ya bar layi da ya ce wa wani ƙato, zo ka ɗaura mini.

Hector ya shige rumfarsa ta bayan gida kwana goma sha tara. Abin da ya fito da shi, in ka gan shi ta gaba, takobin ƙungiya ne sak. A bayansa akwai maƙalli da ake rufewa da tafin hannu, a ƙarƙashin tsinin kuma ƙugiya ta jan madaurin fata. Ya jefa shi a akwatin algaitar Manjo lokacin da kowa ya fita shan taba.

Ranar faretin gaba sai ga Manjo cikin kilt, komai tsaf. Ya bi layi yana dubawa har ya iso ƙarshe ta hagu.

"Rennie, wani ya zuba mini tarkace a akwati."

"Mutane ba tarbiyya yanzu, Manjo."

"Doka ta hana irinsa."

"To a kai ƙara kwamiti."

Manjo ya dube shi daga hula har takalmi.

"Gyara tsayuwarka," ya ce, ya wuce gaba.

Ba a karanta takardar ba. Ya ƙara shekara shida yana jan layin.