Jobeda Mai Awarwaro da Neman Tuntuni

A cikin kwalekwale aka haifi Jobeda, a wani reshen kogi kusa da Barisal, kuma a cikin kwalekwale ta yi aure har sau biyu. 'Yar ƙabilar Bede ce, mutanen da gidansu ruwa ne, mata su fita nema, maza su zauna da yara da tukunya. Tun tana shekara tara take ɗaukar kwandon awarwaron gilashi tana shiga gida-gida. Kafin ta kai hamsin babu macen ƙauyukan bakin kogin da ba ta riƙe hannunta ba.

Wata damina sai ga Dakta Shormila Dewan daga Dhaka, malamar jami'a mai binciken al'adun mutane. Ta zo rubuta littafi a kan Bede, ta liƙe wa Jobeda da littafin rubutu da 'yar rikoda. Komai sai ta tambaya.

"Inna Jobeda, me ya sa kuke ɗaure kwalekwale ta wannan gefen?"

"Saboda ta can gefen babu itace, Dakta. Wannan ma ki rubuta."

Dakta ba ta iya kwanan ruwa, don haka ta sauka a gidan Mofiz mai gyaran taru da matarsa Parul. Suna da 'ya ɗaya, Tuntuni, mai shekara uku. Har waƙar da Parul ke lallashinta da ita sai da Dakta ta ɗauka a rikoda.

Wata ranar kasuwa aka nemi Tuntuni aka rasa. Wani mai shayi ya ce ya ga wani mutum ya shiga jirgin fito da ita, da alawa a hannunta, amma babu wanda ya saurare shi. Kafin la'asar gari ya gama yanke cewa Bede ne, aka yi ta jifan kwalekwalensu. Jobeda ta ga Parul zaune a ƙasa ta kasa ko kuka, ta kuma ga tata tukunyar da dutse ya fasa, ranta ya ɓaci sau biyu.

Dakta ta kai rahoto wurin 'yan sanda, ta zana taswira, ta kwana huɗu tana bin ƙauyuka. Duk gidan da aka ga tabarau da biro sai a turo ƙofa.

"Ke da ganinki an ga mai karɓar haraji," in ji Jobeda. "Cire takalmin nan, ki ɗauki kwando."

Ranar farko Dakta ta fasa awarwaro ashirin da huɗu. Ta tashi kiran masu saye, muryarta ta fito kamar mai karanta labarai a rediyo, Jobeda ta ce ta yi shiru, za a ce kurma ce. Haka suka bi gidajen Musulmi da na Hindu, suka ci shinkafa da kifi a wani biki da ba a gayyace su ba, suka sha gulma iri-iri, amma babu labarin yarinya.

Dabarar da ta fisshe su ta Dakta ce. Ta ce yarinya ƙarama irin wannan, gidan da ake neman haihuwa za a kai ta, su kuwa masu neman haihuwa duk a kabarin wani waliyyi da ke can gaba a bakin kogi suke haɗuwa, suna ɗaura zare a reshen itace. A je a tambayi wadda ta daina zuwa.

Jobeda ta dube ta sama da ƙasa. "Ashe karatun nan yana da ɗan amfani."

Da suka je, tsohon da ke share wurin bai ɓoye komai ba. Lutfa, matar mai injin casar shinkafa, shekara goma sha ɗaya tana zuwa duk Alhamis. Wancan makon ba ta zo ba, sai dai ta aiko da akuya, sadakar godiya.

Washegari da hantsi suka yi sallama a tsakar gidan Lutfa. Lutfa ta zaɓi nata awarwaron, sannan ta sassauta murya ta ce ko akwai ƙanana, na 'yar 'yar'uwarta.

"Akwai, ƙanwata, amma ni ba na sayarwa sai na ga hannu. Gilashi ne, in ya matse sai ya yanka," in ji Jobeda.

"Barci take yi."

Dakta ta zura hannu ƙarƙashin tsumman kwando ta kunna rikoda. Muryar Parul ta cika tsakar gidan. Ba a kai ƙarshen baiti ɗaya ba labule ya ɗaga, Tuntuni ta fito da gudu, an yi mata aski, an sa mata sabuwar riga ja. Ta duba ko'ina ba ta ga uwarta ba, sai ta faɗa jikin Dakta.

Lutfa ta zauna daɓas. Ta ce wani mutum ne ya kawo ta, ya rantse marainiya ce da ambaliya ta cinye iyayenta. Jobeda ta zo da zagi cike da baki, amma da ta ga yadda matar ke kallon yarinyar sai ta haɗiye. Lutfa da kanta ta rako su har bakin jirgi, ita ce kuma ta kwatanta wa 'yan sanda mutumin. Bayan mako biyu aka kama shi.

Tuntuni ta koma hannun Parul. Waɗanda suka yi jifa ba su ba da haƙuri ba, sai dai a wannan watan matansu sun sayi awarwaro fiye da buƙatarsu.

Jobeda ta ƙara shekara goma sha biyu tana talla, har gwiwa ta hana ta hawa gaɓar kogi. Lokacin da littafin Dakta ya fito, an aiko wa Jobeda da guda ɗaya, hotonta a bangon littafin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta sa aka rubuta wa Dakta wasiƙa cewa tana da zanen sari kore mai kyau a akwati, me ya sa ba a jira ta ɗaura shi ba.