Ranar da Man Gyaɗa Ya Ƙi Fita

Jiya da hantsi wata ɗalibata ta miƙo mini 'yar kwalbar gwaji a labo, ɗakinmu na bincike, fuskarta a murtuke. Abin da ke ciki ya kamata ya rabu biyu, maiƙo a sama, ruwa a ƙasa, amma sai ya haɗe ya yi fari-fari kamar kunun gyaɗa. Na ce mata ruwa ne ya yi yawa, ta je ta sake. Ita ta koma wurinta, ni kuwa na kasa ci gaba da aiki. Na san wannan launin tun ina 'yar shekara goma sha huɗu.

Idan kana son sanin sana'ata, ga ta a taƙaice. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace tana lulluɓe da siririyar fata ta maiƙo, da furotin a maƙale a cikinta. Rabin rayuwata na ƙarar ina binciken yadda maiƙon da furotin ɗin suke riƙe juna, da abin da ke sa su saki. In an tambaye ni a taro inda na fara, nakan ce a turmin kakata, a yi dariya a tafa. Ba na ba da sauran labarin.

A Birik na tashi, unguwarmu ta Hausawa a Yaoundé, a wani gida mai rufin kwano da ke ƙara kamar zai tsage in ruwan sama ya sauko. Lokacin kiriz ne, da tattalin arzikin ƙasar ya karye. An zaftare albashin babana, wani watan ma shiru, har ya daina gaishe da mutane da ƙarfi. Gidan gaba ɗaya ya koma kan hannun kakata, wadda ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Masu tsire na bakin titi a wurinta suke sayen ƙulin yaji, matan unguwa kuma su aiko da kwalabe. Tufafinmu, littattafaina, har gashin kaina, komai ƙamshin soyayyar gyaɗa yake, kuma a lise, makarantarmu ta sakandare, na sha tsokana a kan haka.

Akwai wata mata a ɗakin baya da muke kira Inna ƙarama. Daga Najeriya suka zo da mijinta, maɗinki ne, ba su shekara ba ya kwanta ya rasu, ya bar ta da goyo. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, ba ta da kowa a garin. Kaka ta bar mata ɗakin, ita kuma tana taya ta aiki, a ci tare. Ƙarfi gare ta, in ta kama taɓarya tana juya gyaɗa a turmi sai ka ga mai yana tsattsafowa yana ƙyalli. Ita ke yi mini kitso, tana ce mini Malama, tana sa ni in faɗa mata sunan kowane abu da yaren 'yan boko don ta yi dariya. Amma tun rasuwar mijin wasu matan suke raɗa cewa farar ƙafa gare ta.

Ka'idar aikin ɗaya ce. In an dawo da gyaɗa daga injin markaɗe, ana juya ta ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan, ludayi ɗaya, a jira, a ƙara wani. Zuba ruwan nan shi ne aikina, kuma na tsane shi, don yana cinye mini yamma guda.

Ana saura kwana uku Babbar Salla, Kaka ta haɗa duk abin da take da shi ta sayi gyaɗa a kasuwar Mokolo, masu tsire suna jira. Ni kuma jarrabawa na gabana. An kira Kaka gaisuwar mutuwa a maƙwabta, goyon Inna ƙarama ya fashe da kuka ta shiga ɗaki ba shi nono, aka bar ni da babban turmi da littafina a cinya. Sai kaina ya ba ni lissafi irin na wadda ta saba zuwa ta ɗaya a aji: tunda ruwa ke fito da mai, ruwa mai yawa zai fito da shi da sauri. Ruwan tukunya ya kusa ƙarewa, na ɗebo na randa, mai sanyi, kwano guda cike, na juye, na ƙara wani, na tuƙa. A gaban idona gyaɗar ta saki, ta yi fari, ta koma kunu. Na mayar da kwanon inda yake, na buɗe littafina.

Inna ƙarama ta fito ta kama taɓarya. Ta juya har gumi ya jiƙa mata riga, ko ɗigo bai fito ba. Haka Kaka ta dawo ta same ta, da matan da suka rako ta daga gidan gaisuwa. Kaka ta sa yatsa ta taɓa, ta dube ni.

"Ke, ludayi nawa kika zuba?"

"Kamar kullum, Kaka."

Wata tsohuwa cikin 'yan rakiyar ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, ai mun sha faɗa miki. Wani hannun ba ya shiga abinci."

Na jira Inna ƙarama ta musa, ta yi rantsuwa, ta nuna ni. Da ta yi haka da na yi kuka na faɗi gaskiya, ko dai haka nake gaya wa kaina. Sai ta jingine taɓaryar a bango, ta juya tafin hannunta tana kallo.

"Wataƙila ni ce, Hajiya," in ji ta. "Tun da na sa ƙafa a garin nan ban taɓa abu ya yi kyau ba."

Babu sauran gyaɗar da za a ƙara a gyara. Masu tsire suka koma wurin wata, muka yi Sallar da ba na son tunawa. Kaka ba ta kore ta ba, ba halinta ba ne. Sai dai ta daina kiranta in za a yi aiki, matan unguwa kuma suka fara tambaya wa ya taɓa man kafin su saya. Inna ƙarama ta daina zama cin abinci da mu. Ranar da na kai mata kaina kitso ta ce in je wurin mamata, kada ta ɓata mini jarrabawa. Kafin ruwan sama ya ɗauke ta ɗaure kayanta a zani, ta goya yaron, aka ce ta koma wajen wasu 'yan garinsu a unguwar Madagascar, nan cikin Yaoundé. Na ci jarrabawar, na zo ta ɗaya, aka yi mini guɗa a tsakar gidan.

Yau zan iya zana maka abin da ya faru a allo. Ruwan da ya yi yawa ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo, furotin na gyaɗar ya lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi haɗuwa da ɗan'uwansa. Shi ke nan. Ba hannu, ba ƙafa, ba ido. Na koya wa ɗalibai da yawa wannan, amma wadda ta fi kowa buƙatar jin sa ban gaya mata ba. Tsoro ne da farko, daga baya kunya, daga baya kuma na sa wa kaina cewa ai ta manta.

Kaka ta rasu ina ƙasar waje karatu. Bara na je Birik hutu, na tarar an buɗe shagon injin matse mai a bakin layinmu, ka zuba gyaɗa ta sama mai ya fito ta ƙasa, ba mai tambayar hannun wa. Turmin yana bayan ɗaki an kife shi. Bayan la'asar na zauna kusa da mamata tana tsince shinkafa, na faɗa mata komai. Na ɗauka za ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

"Na gan ta sau ɗaya bayan nan," in ji ta. "A wani suna a unguwar Messa, kin riga kin shiga jami'a. Ta tsufa sosai. Ana zagayawa da jaririn kowa na ɗauka yana sa albarka."

"Ta gane ki, Mama?"

"Ta gane ni, har ta tambayi Malama." Ta ture farantin gefe. "Da aka zo kanta aka miƙa mata yaron, sai ta mayar da hannayenta baya, ta ce a wuce da shi."

Na tambaya a Messa, na tambaya a Madagascar. Gidajen an rushe wasu, an sayar da wasu, ba wanda ya san inda ta yi.