Inna Rekiya, Mai Zuwa Ranar da Ake Dariya

Da hantsi ya yi, Inna Rekiya tana ƙaramin asibitin garinmu kusa da Zurmi, tana duba masu ciki da yara har azahar. Bayan la'asar sai ta shiga gidaje. Tun da Shari'a ta zo, mata suka daina hawan kabu-kabu, da ƙafa take wannan yawo. Bana ta yi ritaya.

Yayata Hannatu tun tana budurwa haka take. Wani lokaci ta tashi da ƙarfi, ga daka, ga wanki, ga surutu, barci kaɗan. Sai a ce ta warke, maƙwabta su turo mata surfensu. Can kuma sai ta yi sanyi, ta zauna jugum, ko tsefe kai ya gagare ta. Sai a kawo hayaƙi, a ce iska ce. Da ta haifi Rahma, surukarta ta ce za ta ɗauke jaririyar, wai mai iska ba ta riƙon ɗiya.

Inna Rekiya ta shigo ranar da Hannatu ke surfen gida uku tana waƙa.

"Kin makara, malama," in ji surukar. "Yau lafiya lau take."

"Yau ɗin na zo gani, Hajiya. Ku zamanta shiru kuke tsoro, ni wagga rawar jiki nika tsoro. Hannatu, aje taɓarya! Turmin zaginki ya yi?"

Inna ce ta raka Hannatu asibitin Gusau a motar mata. Likita ya ce sunan ciwon saikulotimiya: rai ya hau ya sauka, bai kai hauka ba, amma yana bin mutum shekara da shekaru. Ya ba da magani. Inna kuwa ta bi maƙwabta gida-gida tana roƙon a daina turo surfe. In kwanakin shiru suka zo, ta zauna ta yi wa Hannatu kitso, ba faɗa.

Ga surukar ta ce, "Kada ki ɗauke ɗiyar, Hajiya. Ke dai ki matso kusa."

Ke ce uwar marasa baki, Inna. Ciwon bai tafi ba, amma a bayan uwarta Rahma ta girma har aka yaye ta. Allah ya saka miki da Aljanna. Mu kuma, in mun ga namu yana aikin mutum uku, kafin mu miƙa masa na huɗu, mu tambaye shi ko ya yi barci.