Inna Mai Tukunya Ta Ajiye Buroshi

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin masu jinya su fara layi a ƙofar asibitinmu, Inna Mai Tukunya ta riga ta shiga ɗan ɗakinta na ƙarshen baranda. Ta rataye mayafi a ƙusa, ta ɗaura leda a ƙirji, ta zura safar hannu har gwiwar hannu. Sai ta hau kan kayan aikin tiyata: almakashi, hantsaki, mariƙin allura. Ta jiƙa, ta goge da buroshi, ta ɗauraye, ta tsane, ta naɗe a koren ƙyalle, ta liƙa tef, ta zuba a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. Daga tukunyar nan ta samo suna. Har wani likita ya taɓa tsokanarta cewa ita kaɗai ce mai girkin da ba a taɓa ɗanɗanawa ba. Ta ce, "Ai shi ya sa ba wanda ya taɓa cewa gishiri ya yi yawa."

Ɗakin ba fanka a da, zafi kamar gidan burodi, amma can muke rugawa mu huta in aiki ya yi sauƙi. Tsohuwar tukunyar tana huci, Inna tana yi mata faɗa kamar jikarta. Yau an kawo sabuwa mai maɓallai, ba ta ko tari, kuma wallahi ina kewar hucin nan.

Inna tana da al'ada guda: ba ƙunshin da zai fita ɗakinta sai ta latsa shi da babban yatsa. Dalilinta shi ne, almakashi da hantsaki a buɗe ake wanke su, a buɗe ake dafa su. In aka rufe, jini kan maƙale a mahaɗarsu, tururi kuma ba ya kaiwa can.

Wata Laraba ta tafi gaisuwar rasuwa, sai wata sabuwar nas ta riƙe mata ɗakin. Nas ɗin ta wanke kaya, ta ga sun fi kyan gani a rufe, ta jera su tsaf kamar cokula, ta dafa. Washegari aka shirya matar wani tela za a cire mata ƙari a ciki. Tun asuba ba ta ci komai ba, mijinta na ta kai-komo a baranda. Saitin kayan tiyata biyu kawai asibitin ke da shi a lokacin, an riga an yi aiki da ɗaya da safe. Aka aiko karɓar na biyun. Layukan tef sun yi baƙi, alamar tururi ya ratsa ƙunshin. Inna ta latsa, ta sake latsawa, ta mayar da shi bayanta.

Likita da kansa ya zo, ransa a ɓace.

"Inna, mara lafiya na kan gado. Ga tef ya yi baƙi, me kuma ake jira?"

"Likita, tef ƙyalle ya gani, bai ga cikin hantsaki ba. A rufe suke. Ka ba ni awa guda."

"In kika ɓata mini aiki, yau sai kin amsa tambaya a ofis."

"Na yarda. Amma wannan ba zai shiga cikin 'yar mutane ba."

A gabansa ta warware ƙunshin, ta buɗe hantsaki guda, ta kai shi bakin taga. Ga busasshen jini nan a mahaɗa, bai fi ƙwayar gero ba. Likita ya juya ya je ya ba tela haƙuri. Inna kuwa ga 'ya'ya huɗu a gida, maigida ba lafiya, ta san abin da kira zuwa ofis ke iya jawowa. Duk da haka ta ɗauki buroshi ta sake wanke kayan daga farko.

Da babbar nas ta tambayi wanda ya naɗe kayan, Inna ta ce, "Ɗakina ne, ni ce ban koyar ba." Daga baya ta ja sabuwar nas gefe, ta ɗora yatsanta a kan ƙyalle. "'Yar nan, latsa nan. Kin ji bakinsu a haɗe? To kada ki ƙara."

Kwana biyar aka sallami matar tela, ɗinki ya kama, ba ruwa ba zazzaɓi. Ta yi wa likita godiya har da hawaye. A baranda ta ci karo da Inna ɗauke da tire, ta ce, "Baiwar Allah, ina hanyar fita?" Inna ta nuna mata.

Inna, ke ce wadda marasa lafiya ba su san fuskarta ba, alhali sun tafi gida da aikinki a jikinsu. Ke ce kika rufa wa nas ɗin nan asiri ranar da ta cancanci tonon silili. Ni ce nas ɗin. Yau ni ce babbar nas, ni ce kuma na sa hannu a takardar ritayarki ranar Juma'ar da ta wuce, sai da na goge ido kafin na ga layin.

Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma masu tasowa, ku je gidanta ku gaishe ta, ku koyi latsa ƙunshi ko da tef ya yi baƙi, ku koyi cewa "a jira" ko a gaban wa. Ni dai, Inna, har almakashin ɗinkina na gida a buɗe nake ajiye shi, yarana suna ta yi mini dariya.