Takalmin Jadwiga da Gangaren Layin Dogo

Keken da Jadwiga Gawlas ta zaɓa ba shi aka ba ta ba. Ta nemi mai birkin da zai riƙe ta a gangare, ofishin ma'aikata na kamfanin tagogi ya miƙa mata keken cefane mai kwando. A makon kuma suka soke bas ɗin da ke ɗauko ma'aikata daga ƙauyukan kan tudu, wai tunda kowa ya samu abin hawa.

Shekarar Jadwiga hamsin da shida, ashirin da tara daga ciki ta yi su ne tana cusa roba a bakin gilashin taga. Wanda ya ga manyan yatsunta ya ga aikinta, sun baje, faratan sun yi kauri. Mijinta ya rasu 'ya'yansu mata biyu suna firamare. Ita ta raine su, yau ɗaya tana birnin Kraków, ɗaya tana aikin jinya a Jamus. Gidan yana can sama, shi ne na ƙarshe kafin daji, kuma ba kowa a ciki sai ita da kaji da uwar mijinta mai shekara tamanin da bakwai, wadda ba ta shan miyar kowa sai ta Jadwiga, kuma kullum sai ta kushe ta. Saboda tsohuwar nan ne ba ta koma cikin gari ba.

Daga ƙofarta zuwa kamfani kilomita shida ne. Biyun farko gangare ne tsantsa, rabi kwalta rabi tsakuwa. A ƙarshensa akwai kwana, bayan kwanar sai layin dogo. Jirgin kwal yana wucewa ƙarfe biyu saura minti ashirin, 'yan aikin rana kuma ƙarfe biyu suke shiga.

A watan Yuni aka liƙa sanarwa cewa kamfani zai samar wa ma'aikata kekunan lantarki, kowa ya zaɓi nasa a cikin littafin hotuna. Wasu a tsaye suka zaɓa, da launi. Jadwiga ta naɗe littafin ta kai wa Tadek, ƙanin mijinta, mai gyaran tarakta a ƙasan ƙauye.

Ya kira ta da sunanta na gida. "Jadzia, ke da keke? Ai rabonki da hawa tun zamanin ƙarancin abinci, da ake bin layi a sayi nama."

"Rabonka da wanka ya fi haka daɗewa, ba wanda ya tanka maka. Buɗe littafin."

Lahadi biyu suka yi a kansa bayan an taso daga coci. Tadek ya ce ta manta da fenti, ta manta da batir, duk cikinsu ba wanda zai kasa hawa da ita. Saukowar ce abin dubawa.

"Keken nan da batirinsa ya kusa kilo talatin. Ga ki kuma a kai, ga buhun dankalin da na san sai kin ɗaura."

"Nauyina ka bar shi inda ka gan shi."

Suka tsaya a kan lamba arba'in da ɗaya, keke ruwa-biyu, yana bin kwalta yana bin tsakuwa, taya mai kauri, kariya mai ƙarfi, birkinsa kuma na faifai ne, irin wanda ruwa ba ya sa shi santsi. Iri biyu ake yin sa, mai sanda a tsakiya da marar sanda. Ƙugun Jadwiga ba ya barin ta ɗaga ƙafa sama, don haka ta rubuta lambar a fom da manyan baƙaƙe, a gefe ta ƙara kalma ɗaya: damka. Haka kowa yake kiran keke marar sanda tun zamanin kakanni. Kalmar ba ta cewa komai a kan taya ko birki.

Ƙarshen Satumba kekunan suka iso. Pan Remigiusz, wato Malam Remigiusz, shugaban ofishin ma'aikata, ya jera su a tsakar kamfani ya kira mai hoto. Maza kowa ya samu lambarsa. Mata tara kuwa aka ba su abu ɗaya, kore mai haske, siririyar taya, kwando a gaba. Ashe a takardar shagon akwai shafi guda mai taken damka, na kekunan yawo cikin gari, Pan Remigiusz kuwa duk fom ɗin da ya ga kalmar a jiki can ya tura shi, bai ko dubi lamba ba.

"Pan Remigiusz, wannan ba arba'in da ɗaya ba ne."

"Pani Jadwiga, damka kika rubuta, ga damka."

"Lambar fa?"

"Sauƙaƙa muku muka yi. Dubi kwandon nan, kabeji uku zai ɗauka. Ɗan yi murmushi, ana ɗaukar mu."

Da yamma ta biya da shi wurin Tadek. Ya durƙusa, ya matsa birkin, ya kalli 'yan robobi biyun da ke kama gefen ƙarfen taya. Ta jira tsokanar, ba ta zo ba.

"Ranar da gari ya bushe zai riƙe," in ji shi. "Ranar da ƙarfen ya jiƙe, shafa shi kawai robar za ta riƙa yi. Ba a kuma iya sa masa faifai, ba a yi masa mazauni ba."

Mako biyu aka yi ba ruwa. Kullum tana isa gindin gangaren da warin roba mai ƙonewa, yatsunta sun sage.

Ranar wata Talata aka wayi gari da yayyafi. Tsohuwa ta kifar da miya a cinyarta, sai da Jadwiga ta sake mata kaya, sannan ta fita a makare da minti goma. Ganyen bishiyoyi ya zube ya manne a kwalta. Da farko keken ya bi umarni. Da ta wuce ƙaramin wurin addu'a na bakin hanya ta matsa birki, sai ta ji hannun birkin ya tafi har ƙarshe, keken kuwa sai ƙara gudu yake yi. A lokacin ta jiyo ƙararrawar layin dogo daga bayan kwana.

Ba ta yi ihu ba, babu mai ji. Ta sauke ƙafar dama ta dasa dunduniya a ƙasa. Tsakuwa ta riƙa tashi tana dukan ƙaurinta. Ta sha kwanar a karkace, ta ga sandar tare hanya ja da fari a kwance, ta ƙara danna ƙafar da duk nauyin da Tadek ke mata tsiya a kai. Kwandon ne ya daki sandar ya lotse. Taragun kwal suka yi ta wucewa a gaban fuskarta, iskarsu tana kaɗa gyalenta. Sai da na ƙarshe ya wuce ta duba ƙasa. Dunduniyar takalmin ta cinye har safa.

Da ɗingishi ta shiga ofis ta ajiye takalmin a kan teburin Pan Remigiusz. Ya ja takardunsa gefe kada su ɓaci.

"Akwai fom na ƙorafi," ya ce. "Shagon sai watan Maris suke canji. Kafin nan ki riƙa saukowa a hankali. Makarar yau kuma na kawar da kai."

Tun daga ranar Jadwiga tura keken take yi a gangaren, tana tafe tana jan kilo talatin kada ya ja ta. Ba ta iya fita da wuri sai tsohuwa ta ci abinci, don haka sau biyu ke nan ana rubuta mata makara, a na uku takardar gargaɗi ce. Cikin matan nan tara, uku a kan tudu suke. Bożena, maƙwabciyarta mai yara ƙanana biyu, ta ce ita ba ta da lokacin turawa. Kullum sai ta wuce Jadwiga a guje, ta ɗaga mata haɓa saboda ba ta iya sakin hannu, ta ɓace a kwana. Jadwiga takan tsaya cak ta kasa kunne har jirgin ya gama wucewa, sannan ta ci gaba.

Jiya da safe ta tarar da farar raɓa ta daskare a kan ganyen kabejinta. Mako mai zuwa kuma juyi zai kai su aikin safe, lokacin da ƙanƙarar hanya ba ta narke ba.

Saboda haka, Pan Remigiusz, da ku manyan da ke sama da shi: ku buɗe fom ɗin Jadwiga Gawlas ku karanta lambar da ke jiki, ku karanta na sauran takwas ɗin, ku kawo wa kowacce keken da ta zaɓa. Ku dawo da bas ɗin daga ranar Litinin har sai sun iso. In kuma kun ce kore mai kwandon lafiyarsa ƙalau, yana nan jingine a bakin ƙofa. Ɗayanku ya hau da shi gidan Jadwiga ranar da ake ruwa, ya sauko ƙarfe biyu saura minti ashirin.