Telan Da Ke Zuwa Sayen Zare Ranar Talata

Shekara talatin da huɗu, duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Bungudu da hantsi zai ji ƙarar keken Malam Labbo tela kafin ya gan shi. Yakan share ƙofar shago da kansa, ya ɗiga wa keken mai, ya rataya tef ɗin awo a wuya, sannan ya kunna wata tsohuwar rediyo da ba ta kama tasha sai an jingina ta da taga. Ba ya ɗinkin mata, ba ya aikin ado. Wando da kaftani ne sana'arsa, na manoma da direbobi da malaman makaranta irina. Kuma bai taɓa rubuta awon kowa ba. In ya auna ka sau ɗaya ka zauna a kansa ke nan, ko bayan shekara biyar ka aiko da yadi zai yanka daidai da kai. Ranar Talata kaɗai shagon ke rufe, don ranar yake zuwa Gusau sayen zare.

Mun daɗe muna yi masa tsiya a kan zaren nan. Wane irin tela ne ba zai sayi na wata guda ya huta ba? Sai ya yi murmushi ya ce, "Kowane yadi da launin zarenai." Mu kuwa sai mu ce yawo kawai yake so.

A watan jiya ya rufe shagon gaba ɗaya. Idanu sun ƙi, zira zare a allura ya gagare shi. Na je gida na same shi na ce ina so in yi rubutu a kansa. Ya ce, "Rubuta, Malam Attahiru. Amma ka kira ciwon da sunanai. In kac ce lalura, ko matsalar maza, ban yarda ba."

To, ga cika sharaɗi. Ni Attahiru, haifaffen Bungudu, malamin firamare a Tsafe, shekara huɗu ke nan ɗaya daga cikin 'ya'yan marainana, na hagu, yana kumbure yana ciwo, kuma har yau likitoci ba su gama gano mene ne ba. Malam Labbo ne mutum na farko da ya gane, tun kafin in yarda da kaina. Abin da na saka masa da shi ne ya sa wannan jinjinar ta fi kama da neman gafara.

Ga yadda yake aikinsa. Namiji a wajenmu zai iya gaya maka yana ciwon kai, ko ciwon baya, har basir ma yakan faɗa in an matsa. Amma abin da ke tsakanin cinyoyinsa, gara ya mutu da shi. Sai dai akwai mutum ɗaya da ba zai iya ɓoye wa ba, shi ne telansa. Wanda gwaiwa ta kama, ko wani kumburi, wandonsa ne ke fara tona shi. Zai zo da tsohon wando a naɗe cikin leda, ya jira shago ya yi shiru, ya ce a ƙara masa hantsa, wato a faɗaɗa tsakiyar wandon, wai ya yi ƙiba. Malam Labbo kuwa yana riƙe da awon ƙugunsa a ka, ya san ƙugun bai motsa ba. Sai ya ƙara wa rediyo murya don kada na waje ya ji, ya ce, "Wando zan gyara shi. Amma Talata zan tahi Gusau sayen zare, ka raka ni ka zaɓi launi."

Shi ke nan. Mutum ya gaya wa iyalinsa da maƙwabta zai raka tela sayen zare, ba wanda zai ɗaga kai. Su hau mota, su sauka a Gusau, Malam Labbo ya wuce da shi babban asibiti. A wurin yankar kati, inda baki ke yi wa maza nauyi su ce ciwon ciki, shi yake sunkuyawa ya faɗi sunan ciwon a madadinsu. Ya zauna a benci har a gama ganin mutum. A hanyar komawa su biya kasuwa ya sayi zare ƙwaya biyu, don kada ya zama ya yi ƙarya.

Malam Ishaya, ma'aikacin jinya da ya yi shekara ashirin a sashen tiyata na asibitin, shi ya ba ni labarin abin da ban sani ba. Ya ce, "Da farko mun ɗauka ɗan kamasho ne. Sai muka ga ko ruwa ba ya karɓa daga hannun kowa. Baba Labbo ya kawo mana maza daga Bungudu da Furfuri da ƙauyukan bayansu da ban san adadinsu ba. Yawancinsu aikin awa ɗaya ne, su kwana biyu su tafi gida. Wani ya shekara goma yana tafiya a tale saboda abin da za a gama kafin azahar."

Ni wata shida da fara jin ciwon na je masa, ana saura mako biyu Babbar Sallah. Shi ya ɗinka mini wandon da na shiga sakandare da shi, don haka ko da aiki ya kai ni Tsafe ban canza tela ba. Na miƙa masa shadda, na ce a wannan karon a sake mini hantsa sosai. Ya dube ni. Ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyo murya. Ya ce, "Malam, Talata zan tahi Gusau sayen zare."

Ban san me ya hau kaina ba. A'a, na sani, girman kai ne. Ina malamin makaranta, mai takardar shaida, a ce tela ne zai karanta ni kamar allo. Na ce, "Malam Labbo, kai tela ne ko likita? Ɗinki na kawo, ban kawo jikina ba." Na fizge shaddata na fita. Da a nan na tsaya, da laifin ya tsaya tsakanina da shi.

Da la'asar na je majalisarmu ta gindin darbejiya, raina a ɓace, na ba da labari yadda zai yi mini daɗi. Ban ce ni aka yi wa tayin ba. Na ce na gano sirrin zaren Labbo, duk wanda kuka ga ya raka shi Gusau, ku dubi tafiyarsa da kyau, mai gwaiwa ne. Aka fashe da dariya, aka fara lissafo waɗanda aka taɓa gani tare da shi a tasha. Wanda ya fi kowa dariya a ranar shi ne Haliru, taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, manomi a Furfuri. Har da buga cinya. Ban san Talatar da ke tafe shi ne zai raka tela ba.

Bai je ba. Malam Labbo ya jira shi a tasha har mota uku ta cika ta tashi. Da ya aika masa, amsar da Haliru ya bayar ita ce, "A ce ma Malam Labbo shi yi haƙuri, yanzu kowa ya san mi zarenai ka nuhi." Da damina ta kama, Haliru yana huɗa a gonarsa hanjinsa ya sauko cikin maraina ya maƙale. Ya yini a ɗaki yana juyi yana cewa ciwon ciki ne, ana ba shi jiƙo. Kafin a yarda a nemo mota washegari, abin ya wuce gyara, a hanyar Gusau ya cika. Ya bar 'ya'ya biyar. Na je ta'aziyya, na zauna a tabarma ana cewa kwana ne ya ƙare, ni ma ina cewa haka ne. Kwana ne, na yi imani. Amma na san bakin wa ya tsaya tsakaninsa da tasha.

Shekara uku na yi ban sake bi ta ƙofar shagon ba. Na kai ɗinki wurin wani tela a Tsafe wanda bai san awona na da ba, ya yanka mini yadda na ce, bai tambayi komai ba, na ji daɗin haka ƙwarai. Ciwon kuwa bai san da wannan dabarar ba. Wani nauyi ne mai ja, kamar an ɗaura maka dutsen guga, wani lokaci ya harba har ƙugu. Na daina hawa babur. Na koma koyarwa a tsaye, in dole ta sa na zauna sai a bakin kujera. Na riƙa zuwa makaranta da babbar riga cikin zafin bazara, abokan aiki suna ce mini ango. Sujada ma sai da na koyi yadda zan yi ta a hankali.

Kuma ba wai ban nemi magani ba. Mai kemis ya ce sanyi ne, na sha ƙwayoyi har fitsarina ya canza launi. Mai magani da lasifika a kasuwa ya ce ƙaba ce, ya ba ni gari a ƙulli, na aika a karɓo mini don kada a gan ni. Sau biyu na je ƙaramin asibiti. Karo na farko na tarar mai yankar katin yarinya ce da na koyar a aji biyar, ta durƙusa ta gaishe ni, na ce mata ciwon mara. Aka ba ni maganin abin da na faɗa. Karo na biyu ma haka na yi. Ba laifin kowa ba ne, ba wanda zai duba inda ba ka nuna masa ba.

Matata Bara'atu ce ta gaji da jin nishina. Ta je ganin gida Bungudu, ta biya ta gidan Malam Labbo, ta gaya wa matarsa, ba ta shawarce ni ba. Ranar wata Talata da safe, wata shida da suka wuce, ina shirin fita makaranta aka yi sallama. Dattijon nan ne, ya ratso Gusau ya biyo hanyar Tsafe, a wannan zamanin da mutum ba ya hawanta sai da addu'a. Bai zauna ba. Ya ce, "Malam, kai kam ka san abin da zarena ka nuhi, don haka ban zo da wani zance ba. Ɗauko hularka mu tahi asibiti."

Na ɗauko hulata.

A wurin kati ya sunkuya ya faɗa a madadina, kamar yadda ya yi wa kowa. Likita ya duba, ya tambaye ni tun yaushe. Na ce shekara uku da rabi. Ya ajiye biro ya dube ni, da ma ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Hoto ya nuna ruwa ya taru, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu mai tauri da ba su gane ba. Aka ɗebi jini, aka ba ni magani na mako shida, bai motsa ba. Aka sake hoto, aka sake jini. Yanzu sun yanke shawarar sai an buɗe, a ciro, a aika da shi gwaji, sannan a san sunansa.

A benci, ina jiran sakamako, Malam Ishaya ya gaya mini abin da ya karya mini zuciya. Ya ce, "Akwai lokacin da mutane suka daina biyo shi, ban san me ya faru ba. Kusan shekara biyu Baba Labbo yana zuwa shi kaɗai kowace Talata. Ya gaishe mu, ya ɗan zauna, ya tafi. Na tambaye shi, ya ce so yake a riƙa ganinsa shi kaɗai a tasha har mutane su manta, zare ya koma zare." Ni na san me ya faru. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmana.

A hanyarmu ta zuwa tasha na ce wa Malam Labbo, "Baba, ka yafe mini. Ni na yi maganar nan a majalisa."

Ya ce, "Na sani tun ranar. Nawa na yahe tuni. Na Haliru ba hannuna shike ba." Can kuma ya ƙara da cewa, "Ni ma da na bi shi gona na jawo shi, da ya hi. Kunya taj ja ni, kamar yadda taj ja shi."

Malam Labbo, kai ne ka riƙe awonmu a kanka ka riƙe sirrinmu tare da shi. Kai ne ka rufe shago rana ɗaya a kowane mako, shekara da shekaru, ka yarda a ce maka mai son yawo don wani ya shiga asibiti da mutuncinsa. Na rushe maka abin da ka gina da magana ɗaya, ka sake gina shi a hankali, sannan ka zo har ƙofar gidana ka ɗauke ni. Labbo mai almakashi, telan da ke ganin abin da riga ta rufe. Na gode. Allah ya saka maka da abin da ni ban iya ba.

Ku kuma teloli da wanzamai da masu babur, ku ne kuke ganin yadda namiji ke zama da yadda yake tashi. Kujerar Malam Labbo ba kowa a kanta yanzu. In kun ga abu, ku rage murya ku yi tayin rakiya, ko da za a zage ku. Mu maza kuwa, mu buɗe baki a inda ya kamata, mu rufe shi a majalisa.

Ranar da na je neman izinin wannan rubutu, da na tashi tafiya Malam Labbo ya sa aka ɗauko wata leda. Farin wando ne, ɗinkin ya ɗan karkace a ƙafa ɗaya, ya ce shi ne na ƙarshe da ya yi kafin ido ya hana. Na ware shi na ga hantsar ba ta da faɗi. Ya ce, "Da awonka na da niy yanka shi. Ka warke ka sa."

Yana nan rataye a ƙusa a ɗakina, bai shige ni ba tukuna. Talata mai zuwa za a shiga da ni tiyata, ban san abin da za su tarar ba. Ya ce zai jira ni a tashar Gusau da ƙarfe bakwai, ko da yake yanzu ba shi da abin da zai yi da zare.